Zauren Turanci: Mai Son Kansa da Tarin Sunayensa a Bakin Bature

Wasiƙun watan nan kamar an haɗa baki. Daga mai ƙorafin miji, sai mai ƙorafin oga, sai wanda ƙaninsa ya yaɓa masa magana daga Landan, kuma duk abu ɗaya ake nema a wurina: kalmar Turancin da za a liƙa wa mai son kansa. Saboda haka na ture tambayoyin nahawu zuwa wata mai kamawa, na tara waɗannan wuri guda. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma datse wasiƙun da suka yi tsawo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni 'yar aji shida ce a sakandare. A insha'in da aka ba mu na rubuta cewa kawuna “selfish” ne saboda ba ya kyauta, sai malamarmu ta ja layi da jan biro ta rubuta “stingy”. Ashe ba ɗaya ba ne? Kuma mene ne bambancin “selfish” da “self-centred”? Daga ɗaliba, Funtuwa.

AMSA: 'Yata, malamarki ta fi ki gaskiya, ki gaishe min da ita. “Stingy” shi ne marowaci, mai maƙo, wanda naira ba ta barin hannunsa sai an kai ruwa rana. Bature kan kuma ce masa “tight-fisted”, mai dunƙulallen hannu ke nan. In abin ya yi ƙamari har ya hana wa cikinsa, yana kwana a kan kuɗi yana shan garin kwaki babu sukari, ya zama “miser”. Duk waɗannan maganar aljihu ce.

“Selfish” kuwa ba lallai ya shafi aljihu ba. Mutum ne da ya ga bukatarki sarai, ya auna ta da tasa, ya zaɓi tasa ko da ke za ki cutu. Ki tambayi yayyenki masu zuwa gidan kallon ƙwallo abin da ya faru ranar 31 ga Agustan 2019, da Liverpool ta je gidan Burnley ta ci 3 da nema. Can wajen ƙarshen wasa Mohamed Salah ya samu ƙwallo, ga Sadio Mane a fili yana jira, Salah ya ƙi miƙa masa, ya nemi ya ci da kansa, bai kuwa ci ba. Da aka fitar da Mane ya je benci yana ta bambami, sai da abokan wasa suka yi ta ba shi baki. Kalmar da masu sharhi suka yi ta jifan Salah da ita bayan wasan ita ce “selfish”. Amma ba za ki ji an ce masa “stingy” ba, don an san irin hidimar da yake yi wa mutanen ƙauyensu Nagrig a Masar. Mutum na iya zama mai buɗaɗɗen hannu, amma a gaban raga a kira shi mai son kai. Kawunki kuma wataƙila shi zai fara zuwa ya kwana a asibiti in kin kwanta, naira ɗari ce dai ba za ki gani ba.

“Self-centred” wani iri ne daban, kuma a ganina ya fi wuyar sha'ani. Shi bai auna bukatarki ya watsar ba, bai ma gan ta ba. Shi ne zai zo dubiya da ledar lemo da ayaba, ya ce miki “ya jiki” sau ɗaya, kafin ki amsa ya shiga ba ki labarin ciwon bayansa, da likitan da ya gani, da kuɗin da ya kashe, har ya sa takalmi bai san abin da ya kwantar da ke ba. Bai ƙwace miki komai ba, kuma in aka ce masa bai kyauta ba, zai rantse da gaskiyarsa bai san ta ina ba. Wanda ya ƙara nutsewa cikin damuwar kansa har ba ya jin kira, shi ake ce wa “self-absorbed”. Wajen rubutu kuma, Ingila na rubuta “centred”, Amurka na rubuta “centered”. Makarantunmu tsarin Ingila suka gada, ki riƙe shi, kada ki gauraya biyun a insha'i ɗaya.

Tunda jarrabawa na tafe, ga tarko biyu. “Selfless” yabo ne, ana faɗa wa mai sadaukarwa, wanda ya manta da kansa saboda wasu. Na sha ganin yaro ya zage yana zagin shugabanni a insha'i, ya rufe da “our selfless leaders”, bai san kirari ya yi musu ba. “Self-conscious” kuma ba mai ji da kai ba ne, mai tsarguwa ne, wanda kunya ta dabaibaye shi yana ganin kowa shi yake kallo, kamar amarya ranar buɗar kai.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Nijar ne, da Faransanci na yi boko, yanzu ina aiki da wata ƙungiyar agaji inda Turanci ya fi yawa. A Faransanci “égoïste” muke ce wa mai son kai. Na ce wa wani abokin aikina “you are egoist”, sai ya yi dariya ya ce “egotist” nake nufi. Wa ya yi daidai? Daga mai karatu, Damagaram.

AMSA: Ɗan'uwa, in son kai kake nufi, kai da abokin naka duk kun saki hanya. Abin da Bafaranshe ke kira “égoïste” a hirar yau da kullum, Baturen Ingila “selfish” yake ce masa, kuma tun ƙarni na 17 take bakinsu. “Egoist” tana nan a ƙamus, ba kai ka ƙage ta ba, amma ta fi zama a littattafan falsafa. Ana faɗa wa mutumin da ya riƙi son kai a matsayin aƙida, yake cewa kowane ɗan Adam don amfanin kansa yake motsi, ko ma haka ya kamata ya yi. In ka jefi direban ofis da ita zai ɗauka lacca za ka fara. Sannan ka bar “an” a baya, “you are an egoist” ake cewa.

Tushensu duka “ego” ne, wato “ni” a harshen Latin. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ba zai ji baƙon abu ba, don Larabawa ma daga “ana” suka ciro “ananiyya”, kuma da wannan “ana” ɗin Iblis ya buɗe amsarsa da aka tambaye shi abin da ya hana shi yin sujada ga Annabi Adamu.

“Egotist” ta abokinka ita ce ta mutumin da “ni” ba ta barin bakinsa: ni na yi, ni na faɗa, da ba don ni ba. Marubucin Ingila Joseph Addison ya yi amfani da “egotism” a 1714, yana tsokanar marubutan da ba sa iya jera magana sai sun sako kansu a ciki. Ni kan ce wa ɗalibaina su ɗauki “t” ɗin tsakiyar nan a matsayin na tutiya, ba za su sake mantawa ba. Irin wannan mutumin sau da yawa ba marowaci ba ne, zai biya wa kowa kuɗin tsire da shayi, muddin za a zauna a sake sauraron yadda ya gaisa da minista hannu da hannu. Kada ka damu in ka ji Turawan kansu suna cakuɗa kalmomin biyu, suna yi sosai.

“Egocentric” ta fito daga ɗakin nazari ne. Jean Piaget, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Siwizalan wanda ya rasu a 1980, ya kan zaunar da yaro gaban wasu duwatsu uku na wasa da aka gina a kan tebur, ya ajiye 'yar tsana a ɗaya gefen, ya ba yaron hotuna ya ce ya zaɓi abin da 'yar tsanar take gani. Yaran da ba su kai shekara 7 ba galibi sai su ɗauko hoton abin da su suke gani daga inda suke zaune. Ba mugunta ba ce, hankalinsu ne bai kai ga gane cewa wanda ke can gefen wani abu daban yake gani ba. Saboda haka in ka ce wa mai furfura “egocentric”, a fakaice ka ce masa bai girma ba. “Egomaniac” kuma ita ce ta wanda abin ya zame masa kamar taɓin hankali, zagi ce tsagwaronta, kada ka kai ta ofis.

Guda ɗaya ce a dangin nan ba zagi ba, ita ce “self-interest”. Adam Smith, masanin tattalin arziki ɗan Sikotilan, ya rubuta a 1776 cewa ba don tausayinmu mahauci da mai burodi suke ciyar da mu ba, don amfanin kansu ne, kuma bai ga aibu a hakan ba. Mu ma da muka ce so so ne amma son kai ya fi, ai ba tsinuwa muka yi ba, halin ɗan Adam muka faɗa.

TAMBAYA: Baba Malam, ina da aure da 'ya'ya biyu. Mijina ba ya zagina, ba ya dukana, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma in ya dawo sai labarin kasuwarsa, ban taɓa jin ya tambayi yadda na wuni ba. Ranar da na dawo daga awo na ce masa an ce jinina ya hau, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ci gaba da latsa waya. Ƙawata ta turo min bidiyon TikTok, ta ce wannan shi ake kira “narcissist”, irinsu ba sa canzawa, gara in nemi takardata. Mene ne ainihin ma'anar kalmar? Daga uwar gida, Kaduna.

AMSA: 'Yata, Allah Ya raba lafiya. Kafin komai, hawan jini ga mai juna biyu ba abin wasa ba ne, ki bi abin da aka ce miki a asibiti, kada ki tsallake ranar awo.

Kalmar daga tatsuniyar mutanen Girka ta fito, kuma mawaƙin Rum mai suna Ovid ne ya ba da labarin yadda aka fi saninsa, shekara dubu biyu da 'yan kai da suka wuce. Wai an yi wani saurayi, Narcissus, ɗan shekara 16, kyakkyawa na ƙin ƙarawa, wanda duk mai sonsa sai ya wulaƙanta shi. Cikin waɗanda ya kora har da wata aljana, Echo, wadda aka ɗora wa tsinuwar ba ta iya fara magana sai dai ta maimaita ƙarshen abin da aka faɗa. Baƙin ciki ya cinye ta har ba abin da ya rage sai muryarta, kuma har yau da sunan nan Bature ke kiran amsa-kuwwa. Alhaki ya kama saurayin ranar da ya duƙa zai sha ruwa a wani tafki, ya ga fuskarsa, ya kamu da son abin da ya gani. Ya miƙa hannu, ruwa ya motsa, fuskar ta watse. Ya kasa tashi daga wurin, ba ci ba sha, har ya mutu. Da aka zo ɗaukar gawa sai aka tarar da wata fure mai fararen ganye da ruwan ɗorawa a tsakiya, wadda har yanzu take amsa sunansa.

Likitoci ne suka ɗauko sunan daga tatsuniya a ƙarshen ƙarni na 19, Sigmund Freud na Austiriya ya yi rubutu na musamman a kai a 1914, sannan a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi littafinta na cututtuka. A littafin da suke aiki da shi yanzu alamomi 9 aka jera, sai mutum ya haɗa aƙalla 5, kuma su zama halinsa ne na dindindin a gida da waje, kafin a ce yana da ciwon. Daga ciki akwai ganin kansa ya fi kowa ba tare da wani abin a zo a gani ba, da ƙishin yabo da ba ya yankewa, da ɗaukar cewa shi na musamman ne sai manya ne za su fahimce shi, da amfani da mutane a yar da su, da rashin jin zafin kowa, da hassada ko zargin kowa na yi masa hassada. Wanda zai tantance wannan likita ne da ya zauna da mutumin, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke garinku ko na Dawanau a Kano. Ba ni ba, ba ƙawarki ba, ba kuma wata baiwar Allah da ta kafa waya a mota a Amurka tana magana minti ɗaya ba.

Abin da ke ba ni haushi da wannan kalma shi ne yadda ta zama ruwan dare. Duk wadda ta rabu da miji, tsohon mijin “narcissist” ne. Duk wanda oga ya hana shi hutu, ogan “narcissist” ne. An haɗa ta da “toxic”, wadda ƙamus ɗin Oxford ya zaɓa kalmar shekarar 2018, da “gaslighting”, wadda ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓa a 2022, ana ta rabon su a waya. Ita ta ƙarshen ma'anarta mai nauyi ce, wato mutum ya yi ta ƙaryata abin da kika gani da idonki da gangan har ki fara shakkar hankalinki. Yanzu ko musu aka yi kan wanda ya bar famfo a buɗe, sai ka ji an ce ana yi mata “gaslighting”. Kuma illar ba a ƙamus ta tsaya ba. Da zarar kin yarda mijinki mai ciwon da ba ya warkewa ne, kin rufe ƙofar magana da shi, alhali a wasiƙarki ban ga inda kika ce kin zaunar da shi kin faɗa masa ba.

Abin da kika zayyana, in Turancinsa kike so, “inconsiderate” ne, wanda ba ya lura da halin da na kusa da shi ke ciki, ko “thoughtless”, wanda ke ɓata rai ba da niyya ba, don dai bai tsaya ya yi tunani ba. In aka matsa a ce “self-centred”, kamar yadda na yi wa 'yar Funtuwa bayani. Ba na rage masa laifi. Mace ta ce maka jininta ya hau ka ci gaba da latsa waya, wannan rashin kyautawa ne ko da wane harshe aka faɗe shi. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce masa ranar nan da na faɗa maka maganar likita ba ka ɗago kai ba, ya yi min ciwo. In bai ji ba, akwai magabata. In kuma akwai abin da kika ɓoye min, tsoratarwa ko duka ko hana ki zuwa asibiti, to wannan ya wuce neman kalma, ki sanar da iyayenki yau.

TAMBAYA: Malam, shugaban sashenmu duk bitar da ke da alawus sunansa yake sawa, motar ofis ta koma ta kai 'ya'yansa makaranta. Muna so mu rubuta takardar koke. Wace kalma ce za ta fi dukansa? Daga ma'aikaci, jihar Jigawa.

AMSA: Kalmar da ta dace da shi ita ce “self-serving”, mai amfani da kujera don cikinsa yana nuna aiki yake yi. Wannan ne handama da babakere. Abin da yake yi da motar kuma sunansa “abuse of office”. Akwai “to hog”, wato mutum ya kankane abu ya hana kowa, amma asalin kalmar alade ne, in ya buɗe ƙamus kun ja wa kanku wata fitinar.

Shawarata dai kada ku sa ko ɗaya daga cikin siffofin nan. Ku rubuta bita kaza a wata kaza, sunan wane aka tura, ga kwafin takardar. Mota mai lamba kaza, ranaku kaza, ƙarfe kaza, a ƙofar makaranta. Wanda zai karanta shi zai ciro kalmar da kansa. Siffa ita ake kamawa a ce kun yi ɓatanci, a bar maganar mota a koma kanku. Kuma don Allah ku rabu da “selfish interest”. 'Yan siyasarmu sun tsotse ta tas, duk wanda ya sauya sheƙa sai ya ce waɗanda ya baro ne masu ita.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne, bokona bai yi nisa ba. 'Yata da ke jami'a ta sa hotona a Facebook ta rubuta “I am proud of my father”. Yaron shagona ya ce “proud” girman kai ne. Me take nufi? Daga mahaifi, Jos.

AMSA: Maigida, ka kwantar da hankalinka, ka sa mata albarka. Cewa ta yi tana alfahari da kai. In aka ce “proud of” wane, yabo ne. Sai an ce mutum “proud” kawai an yi shiru, sannan take iya zama girman kai, ko a nan ma wani lokaci mai kare mutuncinsa ake nufi, wanda zai kwana da yunwa bai roƙa ba. Yaron shagonka ya tsinci rabin magana ne.

In girman kai na gaske ake so a faɗa, “arrogant” ce, mai ɗagawa yana raina mutane. “Conceited” mai jiji da kai ne, wanda ya kai kansa inda Allah bai kai shi ba, abin da malamai ke kira ujubu. “Vain” ya fi karkata ga ado da son a yaba, kai ka fi ni saninsu, su ne masu dawo da ɗinki sau uku saboda aikin wuya bai kai na wane ba. “Pompous” shi ne mai kumbura, wanda ko sanarwar ɗaurin aure aka ba shi sai ya mai da ita jawabin shugaban ƙasa. “Snob” ba ya gaisawa da wanda bai kai shi ba. A hira kuma sukan ce “big-headed” ko “full of himself”. Akwai “prima donna” da suka aro daga Italiya, asalinta babbar zabiyar dandali ce, yanzu ko namiji ne in sai an lallashe shi yake aiki, ita ake ce masa.

Can ƙololuwa akwai “megalomaniac”, mai haukan girma. Wannan ba ta maƙwabci ba ce, ta irin su Jean-Bedel Bokassa ce na Afirka ta Tsakiya, wanda shugabancin ƙasa bai ishe shi ba, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Bangui ranar 4 ga Disambar 1977, a kan karaga mai siffar gaggafa, yana kwaikwayon Napoleon na Faransa, a ƙasar da talauci ya yi wa katutu. Ko shekara biyu bai cika a kan karagar ba aka hamɓarar da shi a 1979.

TAMBAYA: Malam, ƙanina yana aiki a Landan. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, na biya masa makaranta har ya gama. Na tura masa saƙo ya turo kuɗin makarantar yarana, ya yi kwana biyu bai amsa ba, na sake turawa na ce ina jira. Sai ya rubuto “Yaya, you sound entitled”. Na duba ƙamus na ga “entitled” mai haƙƙi ne. To yarda ya yi ina da haƙƙi a kansa, ko me? Daga babban wa, Azare.

AMSA: Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, magana ya faɗa maka. Ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, tsohuwar ma'anar ke nan, kuma tana nan da ranta: ma'aikaci “is entitled to” hutun shekara da fansho, haƙƙinsa ne. Amma in aka tsayar da kalmar ita kaɗai aka siffanta mutum da ita, ta juye. Tana nufin wanda yake ganin dole a yi masa, ba roƙo ba godiya, kamar bashi yake bi. Ita ma cikin dangin son kai suke lissafa ta.

A nan ne nake ganin Turanci da Hausa ba su kwana ɗaki ɗaya ba. A inda ƙaninka yake zaune, an gina rayuwa a kan cewa abin da mutum ya samu nasa ne, in ya ba ɗan'uwansa alheri ya yi, har a yi masa godiya a rubuce. A wurinmu wan da ya riƙe maraya uba ne, kuma uba ba ya cewa don Allah kafin ya aiki ɗansa. Kai kana ganin wanda ya samu ya manta da gida shi ne mai son kai, ka ma san abin da muke cewa game da wanda ya ci shi kaɗai. Shi kuma ya koyi wata kalma da ke cewa mai nema ba tare da lallashi ba shi ne mai son kan. Ba ku kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu har suna suka raɗa wa kuɗin da ma'aikaci ke turawa dangi duk wata, suna ce masa “black tax”, wai harajin baƙar fata, kuma sunan ya bazu har nan. Ni wannan sunan bai taɓa kwanta min ba, don wanda aka yi wa ɗawainiya yana ƙarami ba haraji yake biya ba.

A hukuncina bai kyauta ba. Ko da yana da uzuri, ba da wannan kalmar ake amsa wa wanda ya biya maka kuɗin jarrabawa ba, kuma ina zargin da Hausa ba zai iya furta ta ba, shi ya sa ya fake da Turanci. Amma ka lura “you sound” ya ce, bai ce “you are” ba, wato lafazin saƙon ne ya soke shi. “Ina jira” a rubuce ba ta da murmushi, ba ta da “ya aiki, ya sanyi”. Mutumin da wataƙila ya kwana a tsaye wurin aikin dare, ya buɗe waya ya ga wannan, zai ji kamar mai gidan haya ne ya biyo shi.

Kada ka rama da Turanci, don kalmar da ke jiranka a can ita ce “ungrateful”, butulu, in ka tura ta kuma sai dai a tara dangi. Ka kira shi a waya ranar da ba ya aiki, da Hausa, ka fara da tambayarsa nawa yake biyan haya a wata da abin da ke rage masa bayan haraji. Sannan ka faɗa masa ranar da makarantar ta ce za ta koro yaran.